Yadda ake amfani da "each other" da "one another" a Turanci

Wata shekara ina duba takardun insha'in ɗalibaina na aji biyar a sakandare, sai na iso kan takardar wata yarinya da ta ba da labarin bikin yayarta. Labarin ya tsaru, rubutun hannunta ma abin sha'awa ne, har zuwa wurin da take son ta ce ango da amarya suna ƙaunar juna, inda ta rubuta: "The bride and the groom love themselves very much." Na kira ta gaban tebur na ce ta mayar mini da wannan jimla Hausa, kalma bayan kalma. Ta fara da cewa, "Amarya da ango suna son..." sai ta tsaya cak, ta rufe baki da gefen hijabinta, domin ta riga ta ji inda maganar za ta sauka. Abin da ta rubuta shi ne suna son kansu, kuma ko yaron goye ya san cewa son kai ba yabo ba ne, balle a ranar aure.

Turanci yana da manyan hanyoyi biyu na faɗin abin da muke kira "juna", wato "each other" da "one another". Littattafan nahawu suna kiran su "reciprocal pronouns", ma'ana wakilan suna masu nuna musayar aiki tsakanin mutane ko abubuwa. Mai jin Hausa ya ci sa'a a wannan babi, saboda harshensa ya raba "juna" da "kai" rabuwar da babu ruɗani a cikinta, don haka yana ɗauke da ma'auninsa a bakinsa. Aikin da ya rage masa shi ne ya san wuraren da wannan ma'auni yake auna daidai, da kuma 'yan wuraren da yake tauye mudu.

Mataki na farko: tsaga jimlar gida biyu

Kafin ka rubuta ɗaya daga cikin kalmomin nan, ka tabbatar aikin da kake magana a kai yana tafiya ne kuma yana dawowa. Hanyar gwadawa ita ce ka fasa jimlar ta zama biyu, ka juya sunayen. Idan kana son ka ce "Audu and Bala helped each other", sai ka tambayi kanka ko Audu ya taimaki Bala, sannan ko Bala ma ya taimaki Audu. Idan amsoshin biyu duk "i" ne, jimlar ta tsaya da ƙafarta. Idan kuwa Audu ne kaɗai ya yi taimakon, to babu juna a maganar, sai ka ce "Audu helped Bala" ka wuce.

Mataki na biyu: raba "juna" da "kai"

Nan ne mafi yawan masu koyo suke faɗuwa, don haka ya cancanci a daɗe a kansa. Kalmomin "ourselves", "yourselves" da "themselves" su ne kanmu, kanku da kansu, kuma suna nuna cewa aikin ya koma kan wanda ya yi shi, bai tsallaka zuwa ga ɗan'uwansa ba. Ka ɗauka motoci biyu sun yi karo a shataletale, an kai direbobin ofishin 'yan sanda, kai kuma aka ce ka rubuta abin da ka gani. Idan ka rubuta "The two drivers blamed themselves", ka shaida cewa kowanensu ya amsa laifi, ya ce shi ne ya jawo hatsarin. Idan ka rubuta "The two drivers blamed each other", ka shaida cewa kowa ya ɗora wa ɗan'uwansa laifi. Kalma guda ta juya shaidarka baki ɗaya. Haka "The boys injured themselves" take nufin yaran sun ji wa kansu ciwo, wataƙila sun faɗo daga bishiyar mangwaro, alhali "The boys injured each other" tana nufin dambe aka yi.

Akwai wata da take ba ni dariya duk lokacin da na ji ta a wurin taron ƙungiya. Shugaba zai miƙe da kyakkyawar niyya ya ce, "Let us help ourselves", yana nufin a taimaki juna. A kunnen Bature kuwa, "help yourselves" ita ce maganar da mai gida yake faɗa wa baƙi idan an jera abinci, wato bismilla, kowa ya ɗiba. Shugaban da ya ce haka bayan an gama karanta abin da ke cikin asusun ƙungiya, ya faɗi abin da bai yi nufi ba. Abin da ya kamata ya ce shi ne "Let us help one another."

Wannan kuskure bai fito daga Hausa ba. A wasu harsunan Najeriya, kamar Yarbanci, lafazi ɗaya ne yake ɗaukar ma'anar "kansu" da ta "juna", sai yanayin magana ya bambanta su, kuma amfani da "themselves" a madadin "each other" ya zama ruwan dare a Turancin da ake yi a ƙasar, har ɗan Kano ko Sakkwato yakan tsince shi a bakin abokan aiki da fina-finai ba tare da ya lura ba. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, waɗanda suke fara sanin Faransanci kafin Turanci, su ma suna da nasu tarkon, domin a Faransanci "ils se regardent" tana iya nufin suna kallon kansu ko suna kallon juna, sai an ƙara "l'un l'autre" idan ana son a fayyace. Maganin duka biyun ɗaya ne: ka faɗi jimlar da Hausa a zuciyarka, idan "juna" ta fito ka rubuta "each other", idan "kai" ta fito ka rubuta "themselves" ko 'yan'uwanta.

Wuri ɗaya ne "themselves" take kusantar ma'anar juna ba tare da an yi kuskure ba, wato bayan "among" ko "between". "They shared the money among themselves" daidai ce, ma'anarta sun raba kuɗin a tsakaninsu, haka ma "The elders are arguing among themselves", dattawan suna musu a junansu, babu bare a ciki.

Mataki na uku: duba masu aikin, sannan ka bar kalmar yadda take

Masu aikin dole su kai biyu ko fiye. Suna iya zuwa a matsayin sunaye biyu da "and" ta haɗa, ko suna jam'i irin "the traders", ko "we", "you" da "they". A Hausa muna iya cewa junanmu, junanku, junansu, amma Turanci ba ya sauya komai: "We respect each other", "You respect each other", "They respect each other". Ba a ƙara mata harafin jam'i, don haka babu wani abu wai shi "each others". Kuma kalmomi biyu ne a rubuce, da tazara a tsakani, ko da yake saƙonnin waya sun cika da masu manne su wuri guda.

Mataki na huɗu: ajiye ta bayan aikatau

Mazaunin "each other" shi ne bayan aikatau, a gurbin wanda aiki ya faɗa wa, ko kuma bayan ƙananan kalmomin nan irin su "to", "at" da "with". Ba ta buɗe jimla a matsayin mai aikatawa. Kamar yadda ba za ka ce "juna sun taimaka" ba, haka "Each other helped" ba magana ba ce. A hirar baka za ka iya jin Bature ya ce "We know what each other wants", amma a rubutun jarrabawa ko wasiƙar aiki gara ka kauce mata, kuma hanyar kaucewar tana nan tafe a mataki na ƙarshe.

Idan aikataun mai ɓangare biyu ne da ake iya raba shi, "each other" tana shiga tsakiya, kamar a "They let each other down", sun ba juna kunya. Idan ba a raba shi, tana bin baya, kamar a "They look after each other", suna kula da juna.

Mataki na biyar: nemo ƙaramar kalmar da aikatau yake tafiya da ita

Ga wuri na farko da Hausa take iya yaudarar ka. Mu da 'yan kalmomi kaɗan muke haɗa juna da aikatau, "da juna", "wa juna", "ga juna", wani lokaci ma babu komai a tsakani, kamar a "suna kallon juna". Mai koyo sai ya ɗauka duk inda Hausa ta ce "da", Turanci zai ce "with", duk inda Hausa ta yi shiru, Turanci ma shiru zai yi. Ba haka abin yake ba, domin kowane aikatau na Turanci yana da abokiyar tafiyarsa, kuma "each other" ba ta sauya wannan abota.

Suna kallon juna ita ce "They are looking at each other". Suna sauraron juna ita ce "They are listening to each other". Suna jiran juna ita ce "They are waiting for each other". A duk ukun Hausa ba ta sa komai ba, Turanci kuwa ya sa "at", "to" da "for". Yanzu ka dubi inda muke cewa "da": sun dogara da juna ita ce "They depend on each other", sun bambanta da juna ita ce "They differ from each other", gidajensu suna kusa da juna ita ce "Their houses are close to each other", suna nesa da juna kuma "far from each other". "Da" ɗaya ta Hausa ta rikiɗa ta zama "on", ta zama "from", ta zama "to". A "suna kama da juna" kuwa ɓacewa take yi gaba ɗaya, domin "They resemble each other" ake cewa, ba a sa "with" ko kusa.

Dabarar da nake ba ɗalibai ita ce su cire "each other" su sa sunan mutum ɗaya a gurbinta. Wanda ya san ana cewa "I am waiting for Binta" ba zai rasa "for" ba idan ya zo rubuta cewa suna jiran juna. Wanda bai sani ba kuwa, matsalarsa ba ta juna ba ce, ta aikatau ce, sai ya buɗe ƙamus ya ga kalmar da take bin sa.

"Wa juna" ma tana buƙatar lura. Sun ba juna kyauta ana iya faɗin ta ta hanya biyu, "They gave each other gifts" ko "They gave gifts to each other". Sun saya wa juna kuwa "for" take ɗauka: "They bought gifts for each other", ko a ce "They bought each other gifts". Amma wasu aikatau, irin su "explain", "describe" da "suggest", ba sa yarda "each other" ta biyo su kai tsaye a wannan ma'ana, sai dai a ce "They explained the problem to each other". Sun yi wa juna dariya kuma ita ce "They laughed at each other", wadda ta sha bamban da "They laughed with each other", domin ta farko ba'a ce, ta biyun raha.

Mataki na shida: lura da junan da Hausa ta haɗiye

Wannan shi ne wuri na biyu da ma'auninmu yake gazawa, kuma a ganina ya fi na baya wuyar ganewa, saboda babu kalmar "juna" a bakinka da za ta tunatar da kai. Hausa tana da aikatau waɗanda suka ƙunshi ma'anar juna a cikinsu. Mafi shahara shi ne "gaisa". Idan ka ce sun gaisa, magana ta cika. Ɗalibi sai ya ɗauko wannan ya rubuta "They greeted", ya sa aya. A Turanci jimlar tana rataye, mai karatu yana jiran ya ji wa suka gayar, kuma sai an ce "They greeted each other" kafin ta sauka. Haka "sun saba" take, ba a cewa "They are used", sai "They are used to each other". Akwai kuma maganar da ake yawan ji a ofisoshi, "We saw yesterday" ko "We shall see tomorrow", da nufin mun ga juna jiya ko sai mun haɗu gobe. A daidaitaccen Turanci "We shall see tomorrow" tana nufin gobe za mu ga yadda abin zai kasance. Idan haɗuwa ake nufi, sai a ce "We shall see each other tomorrow" ko "We shall meet tomorrow".

Turanci ma yana da nasa aikatau masu haɗiye juna, sai dai jerinsu bai yi daidai da namu ba. "Meet", "marry", "quarrel", "argue", "fight", "agree", "collide" da "hug" duk suna iya tsayawa su kaɗai idan masu aikin biyu ne ko fiye: "They met in Zaria", "They married last year", "The two lorries collided". Ƙara "each other" a irin waɗannan ba laifi ba ne, amma sau da yawa nauyi ne kawai. Idan ka ga dole sai ka ƙara, ka tuna "meet", "marry" da "hug" suna ɗaukar ta kai tsaye, su kuwa "quarrel", "argue", "agree" da "collide" sai da "with". Ka kuma kiyayi "married with each other", domin "married to each other" ake cewa. Aikatau irin su "love", "hate", "help", "know", "trust" da "visit" ba sa cikin wannan rukuni, idan ka cire musu "each other" ma'anar juna ta tafi. "They know" tana nufin sun sani, ba sun san juna ba.

Mataki na bakwai: mallaka

Idan kana son ka ce gidajen juna, sunayen juna ko 'ya'yan juna, sai ka sa waƙafin sama da harafin "s" a ƙarshen kalma ta biyu, ta zama "each other's" ko "one another's". Waƙafin yana zuwa ne kafin "s" ko da mutanen sun kai ɗari, saboda haka "each others'" kuskure ce a kowane hali. Sunan da ke biye yawanci jam'i ne idan abin ana ƙirga shi kuma kowa da nasa, kamar a "They visit each other's houses during Sallah" ko "We know each other's names". Idan abin ba a ƙirga shi, sai ya zauna yadda yake: "They enjoy each other's company", suna jin daɗin zama da juna.

Mataki na takwas: zaɓa tsakanin kalmomin biyu

Kusan duk wanda ya yi sakandare an koya masa cewa "each other" ta mutum biyu ce, "one another" kuma ta uku zuwa sama. Wannan doka masu rubuta littattafan nahawu ne suka shimfiɗa ta tun ƙarni na 18, amma Turawan da kansu ba su taɓa bin ta sau da ƙafa ba, ko a magana ko a rubutu. Henry Fowler, masanin Turancin nan na Ingila, ya yi watsi da ita a ƙamusunsa na amfani da harshe da ya fito a 1926, bisa hujjar cewa ba ta da amfani kuma ba ta da tushe a tarihin harshen. A yau za ka karanta "The eleven players know each other well" a jaridun Landan, ka kuma ji ana cewa miji da mata "love one another", babu mai ɗaga gira.

Duk da haka ba na ce wa ɗalibi ya jefar da dokar. Idan kana zaune a zauren jarrabawar WAEC, NECO ko JAMB, tambayar zaɓi ta kawo maka kalmomin biyu a jere, jimlar kuma ta ambaci adadin mutanen, to ka bi tsohuwar doka, biyu "each other", fiye da biyu "one another", domin ita ce kaɗai abin da zai iya raba zaɓin biyu, kuma bin ta ba ya taɓa zama kuskure. A wajen jarrabawa, bambancin da kunne yake ji shi ne na nauyi. "Each other" ta fi yawa a hira da rubutun yau da kullum, "one another" kuma ta fi dacewa da nasiha, huɗuba, da maganar da ta shafi jama'a baki ɗaya, kamar "Neighbours should be patient with one another".

Akwai kuma jimlolin da gwajin mataki na farko ba ya aiki a kansu, duk da cewa daidai suke. A "The plates were piled on top of one another", ba zai yiwu kowane faranti ya kasance a kan ɗan'uwansa ba, ana nufin an ɗora wani kan wani. Haka "The camels followed one another", raƙuman suna bin juna a jere, na gaba ba ya bin kowa. Hausa ma haka take yi da "bin juna", don haka wannan ba zai ba ka wahala ba.

Mataki na tara: raba kalmar idan jimla ta cije

Wani lokaci jimla takan ƙi zama da "each other" a dunƙule, musamman inda take neman ta zama mai aikatawa. A nan sai ka ɗauke "each" ka kai ta farkon jimla, ka bar "the other" a baya, daidai da yadda muke cewa kowanensu ya san abin da ɗayan yake so: "Each of them knows what the other wants." Ka lura aikataun ya koma na tilo, "knows" ba "know" ba, saboda "each" mutum ɗaya-ɗaya take ɗauka. Idan mutanen sun wuce biyu sai ka ce "the others", kamar a "Each of the five partners checks what the others spend". Wannan tsari ya fi kaifi a rubutun shari'a da yarjejeniya, inda ake son a nuna nauyin da ke kan kowane ɓangare daban. Kada kuma ka rikita ta da "every other", wadda ba ta da alaƙa da juna ko kaɗan, domin "every other day" tana nufin ana tsallake rana ɗaya, yau a yi, gobe a huta, jibi a yi.

Idan ka gama rubutu, ka bi shi da biro ka ja layi ƙarƙashin kowace "themselves", "ourselves" da "yourselves", ka mayar da jimlarta Hausa. Sannan ka sake bi ta biyu kana neman aikatau irin su "greet", "see" da "know" da aka bari babu abin da ya biyo su. Ga wani ɗan sakin layi irin wanda nakan rubuta a allo domin a gwada: "Musa and Sani saw at the market. They greeted and asked about each others' families. They have known themselves since primary school and they depend with each other." Kurakurai biyar ne a ciki. Na farko "saw" ce, wadda za ta zama "met" ko "saw each other". Na biyu "greeted", wadda take neman "each other" a bayanta. Na uku waƙafin mallaka, wanda zai dawo kafin "s". Na huɗu "known themselves", domin Musa da Sani juna suka sani tun firamare, ba kansu ba. Na biyar kuma "depend with", inda "da" ta Hausa ta ja hannun marubucin, alhali "on" ce abokiyar tafiyar wannan aikatau.